Constantin von Economo: Likitan da ya karanci sirrin barci daga wata annoba

A ƙarshen shekarar 1916, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka fara kai wasu marasa lafiya asibitin ƙwaƙwalwa na Jami'ar Biyana, babban birnin Ostiriya, da alamomin da suka ɗaure wa likitoci kai. Wannan a ce sanƙarau ne, wancan a ce gushewar hankali. Amma barci mai nauyi ya haɗa yawancinsu: a tashe su su amsa tambaya daidai, da an juya baya su koma, fatar ido ta saki, ƙwayar idon ta ƙi juyawa. Likita ɗaya, Constantin von Economo, ya tsaya a kan cewa cuta guda ce, kuma sabuwa.

An haife shi a 1876 a garin Braila na Romaniya, cikin gidan attajirai masu asali da Girka, ya tashi a Trieste. Mahaifinsa ya so ya zama injiniya, ya kuwa fara karatun, sannan ya karkata zuwa likitanci, ya kammala a Biyana a 1901. Mutum ne mai son sararin sama, yana cikin matuƙa jirgi na farko a ƙasarsa, kuma da jirgi ya shiga yaƙin kafin ya dawo asibiti a 1916 don kula da sojojin da suka ji rauni a ka.

A 1917 ya wallafa bayaninsa, ya sa wa cutar suna encephalitis lethargica, wato kumburin ƙwaƙwalwa mai jefa mutum cikin barci. Kada a haɗa ta da ciwon barcin da ƙudan tsando ke yaɗawa a Afirka, sunan ne kawai ya yi kama. A Faransa ma Jean-René Cruchet ya ba da rahoton irinta a lokacin, amma sunan Economo ne ya bi ta.

Gwanintarsa ta fito ne a ɗakin binciken gawa. Ya riƙa yanka ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu sala-sala yana dubawa a madubin likita, yana kwatanta wurin da kumburin ya ci da halin da marigayin ya nuna kafin ya cika. Masu yawan barci, ɓarnar tana bayan sashen da ake kira haifotalamas, wajen da ya haɗu da tsakiyar ƙwaƙwalwa. 'Yan kaɗan da barci ya ƙaurace musu gaba ɗaya, tasu ɓarnar tana gaban sashen. Daga nan ya yanke cewa ƙwaƙwalwa tana da cibiyar da ke kunna barci da wadda ke riƙe mutum a farke. A zamanin da ake ɗaukar barci tamkar mutuwar fitila idan mai ya ƙare, wannan magana ce mai ƙarfin hali. Sai a 1998 aka gano sinadarin oreksin a wannan yanki, aka ga hasashensa bai kauce ba.

Annobar ta bazu Turai da Amurka, ta kashe ɗimbin mutane, ta lafa a ƙarshen shekarun 1920. Abin tausayi ya biyo baya. Da yawa daga waɗanda aka ɗauka sun warke, bayan watanni ko shekaru jikinsu ya sandare, tafiya ta gagara, fuska ta daskare kamar masu cutar Parkinson, domin ƙwayoyin jijiyar da ke daidaita motsi sun lalace. Economo ya bi wannan mataki a littafinsa na 1929, wanda ya zama hujja babba cewa kumburin da ya wuce na iya barin jijiyoyi suna mutuwa a hankali. Ragowar irin waɗannan majinyata ne Oliver Sacks ya gwada wa maganin L-dopa a New York a 1969.

Bai tsaya nan ba. A 1925, shi da Georg Koskinas suka fitar da taswirar ɓawon ƙwaƙwalwar ɗan Adam, suka raba shi yanki 107. Ya kuma siffanta wasu dogayen ƙwayoyin jijiya masu kama da mazari, waɗanda yau ake kira da sunansa, kuma an gano suna cikin na farkon lalacewa a wani nau'in ciwon da ke sauya ɗabi'ar mutum kafin ya taɓa tunaninsa.

Ciwon zuciya ya ɗauke shi a Biyana ranar 21 ga Oktoba, 1931, yana da shekara 55. Ya yi zaton wata ƙwayar cuta ce ta haddasa annobar, amma har yau masana ba su kama ta ba.