Agustin, Malamin da Ya Sami Hutu

Daga cikin manyan malaman Ekklesiya na zamanin da, akwai wani mutumin Afirka wanda ya kamata kowane mai koyon aikin malanta ya san labarinsa, domin shi ma da aikin koyarwa ya fara. Sunansa Agustin. An haife shi a shekara ta 354 a wani ƙaramin gari da ake kira Tagasta, cikin ƙasar da muke ce wa Aljeriya yanzu. Uwarsa Monika Kirista ce mai yawan addu'a. Ubansa Patirikiyus kuwa bai karɓi baftisma ba sai da ya kusa mutuwa.

Tun yana yaro aka ga yana da ƙwaƙwalwa, amma halinsa bai bi iliminsa ba. Yana da shekara 16, shi da abokansa suka shiga gonar maƙwabci da dare, suka karkaɗe 'ya'yan itace, suka zuba wa aladu. Ba yunwa ta sa su ba, daɗin ɓarna kawai suka ji. Wannan abu bai fita daga ransa ba har tsufansa, gama a nan ya gane zuciyar mutum takan so mugunta ko da babu riba.

Bayan haka aka aika da shi birnin Kartaj, kusa da Tunis ta yau, don ya koyi fasahar magana. Can ya ajiye mace ba aure, ta haifa masa ɗa mai suna Adeyodatus. Ya raina Littafi Mai Tsarki domin yana ganin maganarsa ba ta da ado. Ya shiga ƙungiyar masu bin koyarwar Mani, ya yi wajen shekara 9 tare da su, bai sami amsar tambayoyinsa ba. Monika dai tana ta kuka da roƙo dominsa.

Da ya zama malami sai ya ga wahalar aikin. 'Yan makarantar Kartaj ba su da ladabi, sukan faɗo cikin aji da hayaniya. A 383 ya yaudari uwarsa, ya bar ta a bakin teku tana addu'a, ya shiga jirgi da dare zuwa Rum. Can kuma almajirai sukan gudu wurin wani malami in lokacin biyan kuɗi ya yi. A 384 ya sami babban matsayi a Milan, inda sarkin Rum yake zaune a lokacin. Ga suna, ga albashi, amma hankalinsa bai kwanta ba. Wata rana yana shirin yi wa sarki jawabin yabo wanda ya san cike yake da ƙarya, sai ya ga wani maroƙi a hanya ya sha ya bugu yana ta dariya. Agustin ya ga ashe wannan matalauci ya fi shi farin ciki.

A Milan ya riƙa zuwa jin wa'azin Bishop Ambros. Da fari iya maganarsa yake sauraro, amma a hankali gaskiyar ta shige shi. Ya yarda da ita a kansa, sai dai barin zunubi ya gagare shi. Aka raba shi da uwar ɗansa domin a nema masa aure na daraja, ta koma Afirka, shi kuwa ya ɗauko wata. Ya san abin da ya kamata, ba shi da ƙarfin yi. Ƙirjinsa kuma ya fara ciwo, har koyarwa ta zama masa nauyi.

A 386 gajiyar ta kai matuƙa. Ya shiga lambu, ya faɗi ƙarƙashin itacen ɓaure yana kuka. Sai ya ji muryar yaro daga gidan maƙwabta tana maimaita cewa a ɗauka a karanta. Ya koma inda abokinsa Alipiyus yake zaune, ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus, idonsa ya faɗa kan Romawa sura 13, aya 13 da 14, inda aka gargaɗi mutum ya rabu da shaye-shaye da fasikanci ya yafa Almasihu. Nan take shakkarsa ta watse. Ya jira hutu ya zo, ya ajiye aikinsa. Daren Idin Tashin Almasihu na 387 Ambros ya yi masa baftisma tare da ɗansa da Alipiyus. A cikin shekarar nan Monika ta rasu a Ostiya, bayan ta ga abin da ta daɗe tana roƙo.

To, Allah bai zubar da ilimin Agustin ba, sai ya mayar masa da shi don aiki mai amfani. Ya koma Afirka a 388. A 391 mutanen Hippo, watau Annaba ta yau, suka matsa masa ya zama firist, daga baya ya zama bishop, ya yi fiye da shekara 30 yana kiwon jama'ar. Ya rubuta littafin furcin zunubansa, kashi 13, bai ɓoye abin kunyarsa ba. Da aka ci birnin Rum a 410, mutane suka karai, sai ya rubuta babban littafinsa a kan Birnin Allah don ya ƙarfafa su.

Tubansa bai ƙare a lambun nan ba. A 430, mayaƙan Bandal sun kewaye Hippo, shi kuwa yana kwance ba lafiya. Ya sa aka rubuta masa zaburan tuba na Dawuda aka manna a bango, yana karantawa yana hawaye. Ya rasu ran 28 ga Agusta, yana da shekara 75.

'Yan'uwa, mu ma muna neman takardar shaida da matsayi, ba laifi. Amma Agustin ya sami waɗannan duka tun yana da shekara 30, bai huta ba sai da ya tuba. In akwai wani a cikinmu da kayan zunubi suka gajiyar, kada ya ce ya makara. Wanda ya ta da Agustin daga gindin ɓaure yana nan yana karɓar masu komowa.