James Jamerson: Makaɗin da duniya ta san kiɗansa, ba ta san sunansa ba

Daga shekarar 1959 zuwa 1972, kamfanin waƙa na Motown da ke birnin Detroit a Amurka ya riƙa fitar da faya-fayen da suka mamaye gidajen rediyon duniya. Mawaƙansa irin su Marvin Gaye da Stevie Wonder da Diana Ross sun yi suna har a Afirka. Sai dai mutumin da ya kaɗa jitar bes a mafi yawan waɗannan waƙoƙi, James Jamerson, ya shafe fiye da shekara goma yana aiki ba tare da kamfanin ya sa sunansa a kwalin faifai ba. Ya rasu a 1983 yana ɗan shekara 47. A yau makaɗa da dama na ɗaukar sa a matsayin wanda ya sauya yadda ake kaɗa wannan jita baki ɗaya.

Aikin mai jitar bes

Jitar bes ita ce mai kaurin murya a cikin kayan kiɗan zamani. Tsirkiyarta huɗu ce, kuma mafi kauri a cikinsu takan girgiza kusan sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa mutum kan ji amonta a ƙirji kafin ya tantance shi da kunne. Wanda ya san bambancin amon kuntigi da na babbar garaya zai gane matsayinta. Aikinta shi ne ta ɗaure ganga da sauran kayan kiɗa, ta shimfiɗa wa mawaƙi hanyar da zai bi. Idan tana nan ba kowa ke lura da ita ba, amma da zarar an cire ta sai waƙa ta zama fayau.

Kafin 1951, bes ɗin da aka sani ita ce ta katako, mai siffar goge, wadda tsayinta ya kai na mutum, ana jingina ta a jiki ana fizgar tsirkiyarta a tsaye. Ga nauyi, ga shi kuma kakaki da ganguna na danne muryarta. A wannan shekara ce Leo Fender na jihar Kalifoniya ya fito da bes mai amfani da lantarki, wadda ake ratayawa a kafaɗa, ya sa mata suna Precision. Da Jamerson ya fara sana'a, wannan jita ba ta kai shekara goma a kasuwa ba, kuma tsofaffin makaɗa da yawa suna yi mata kallon raini.

Daga Edisto zuwa Detroit

An haifi James Lee Jamerson ranar 29 ga Janairu, 1936, a tsibirin Edisto kusa da birnin Charleston a jihar Karolina ta Kudu. Yana matashi ya koma Detroit shi da mahaifiyarsa, a zamanin da baƙaƙen fata na kudancin Amurka ke tururuwa zuwa arewa neman aiki a masana'antun motoci. A makarantar sakandare ta Northwestern ya fara koyon bes ta katako, kuma tun bai gama ba ya fara bin gidajen kiɗan jaz na birnin da daddare. An yi masa tayin gurbin karatun kiɗa a Jami'ar Wayne State, bai karɓa ba. Ya riga ya yi aure, kuma kiɗan dare na kawo masa abin cefane.

A Janairun 1959 wani tsohon ma'aikacin masana'antar mota mai suna Berry Gordy ya ranci dala 800 daga asusun danginsa ya kafa kamfanin da ya zama Motown. Ya sayi gida a titin West Grand Boulevard, ya mayar da garejin gidan situdiyo. Ɗakin ƙarami ne, ga wayoyi na lilo daga rufi, har makaɗa suka yi masa laƙabi da Ramin Maciji. Gordy ya tattaro gwanayen jaz na Detroit ya mayar da su makaɗan gida, cikinsu har da mai ganga Benny Benjamin, da masu fiyano Joe Hunter da Earl Van Dyke, da masu jita Robert White da Eddie Willis da Joe Messina. Su ne aka sani da Funk Brothers. Jamerson ya shiga cikinsu tun a shekarar farko.

Tsarin Gordy irin na masana'antar mota ne. Marubuta su rubuta, makaɗa su kaɗa, daga baya mawaƙi ya zo ya ɗora murya. Makaɗan kan naɗi waƙa uku ko huɗu a zama ɗaya, wani lokaci ba su ma san wanda zai rera ta ba. Da farko Jamerson kan bi mawaƙa yawon wasa, amma zuwa tsakiyar shekarun 1960 sai aka tsayar da shi a situdiyo, domin masu shirya waƙa ba sa son naɗa babu shi. An hana makaɗan yi wa wasu kamfanoni aiki, duk da haka sukan saci jiki. Ta haka hannun Jamerson ya shiga waƙar Higher and Higher ta Jackie Wilson, wadda aka naɗa a Chicago a 1967.

Kayan aikinsa

Jamerson ya fara aikin Motown da bes ta katako, da ita ma ya kaɗa My Guy ta Mary Wells a 1964. Amma jitar da aka fi saninsa da ita ita ce Fender Precision ƙirar 1962, wadda abokan aikinsa ke kira Funk Machine. Yadda ya tsara ta ya saɓa wa duk abin da malaman jita ke koyarwa.

Tsirkiyar da yake sawa ta kamfanin La Bella ce, mai kauri sosai, mai santsin jiki. Ba ya canza ta sai ta tsinke, alhali yawancin makaɗa na sauya tasu a kai a kai domin neman amo mai kaifi. Shi ya fi son tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da maiƙon hannu, wadda amonta ya dakushe ya yi nauyi. Tsirkiyoyin kuma sun yi nesa da wuyan jitar, ta yadda danna su sai mai ƙarfin yatsu, har wasu da suka gwada kaɗa ta suka kasa. A gindin tsirkiyoyin, ƙarƙashin murfin ƙarfe, akwai soso da ke kashe amo da wuri. Duk wannan ya sa jitar lantarki ta riƙa fitar da murya irin ta bes ɗin katako da ya saba da ita: ta yi dum, ta ɗauke, ta bar wa na gaba fili.

A gidajen wasa yakan yi amfani da amfilifaya ta Ampeg B-15. A situdiyo kuwa kai tsaye ake jona jitarsa da na'urar naɗa da injiniyoyin Motown suka haɗa da kansu. Wannan ya taimaka wajen sa amonta ya fito sarai ko a rediyon mota da ƙananan rediyoyin hannu, inda mafi yawan jama'a ke sauraron waƙoƙin.

Yatsa ɗaya

Yawancin masu bes da yatsu biyu suke kaɗawa, suna karɓa-karɓa. Jamerson da manuniyar hannun dama kaɗai yake yi, sauran yatsun na hutawa a kan murfin ƙarfen tsakiyar jitar. Wannan yatsa aka yi wa laƙabi da Ƙugiya. Idan zai sauko daga tsirkiya zuwa wata, sai ya ja yatsan ya ratsa su a tafi ɗaya, dabarar da ya taho da ita daga bes ta katako.

Abin da ya fi bambanta shi shi ne zaɓin sautuka. Kafin shi, mai bes a waƙoƙin rawa sauti biyu yake juyawa, je ka ka dawo, daga farko har ƙarshe. Jamerson ya shigo da tunanin jaz. Yakan cike tazarar da ke tsakanin manyan sautuka da ƙanana masu hawa ko sauka, yakan riga ganga faɗuwa ko ya ɗan jinkirta mata, yakan bar tsirkiya a sake ta yi amo yayin da hannun hagu ke komawa wani wuri. Sai bes ta zama kamar mai amshi, tana ba mawaƙi amsa ba tare da ta saki ganga ba. Masu shirya waƙa sukan miƙa masa takarda mai ɗauke da ginshiƙan waƙar kawai, sauran shi ke ƙirƙira nan take.

Mai son jin wannan zai iya kwatanta waƙoƙi uku. A My Girl ta Temptations, ta 1964, bes ce ke buɗe waƙar da ɗan bugu mai sauƙi kamar bugun zuciya. A Bernadette ta Four Tops, ta 1967, ita ce ke tura waƙar gaba. A For Once in My Life ta Stevie Wonder, ta 1968, da wuya a ji ya maimaita jimla ɗaya sau biyu. A can Ingila, Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ya sha bayyana cewa bes ɗin Motown ta yi tasiri a salonsa, ko da yake ya daɗe bai san sunan mai kaɗa ta ba.

Kura da shan bugu

Ba a ce Jamerson ya yi aikin banza ba. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 albashinsa ya kai dala 1,000 a mako, kuɗi mai kauri a wancan zamani. Abin da ya rasa shi ne suna. A kiɗan Hausa, mawaƙi kan ambaci mai kalangu ko mai kotso a tsakiyar waƙa, ya zuga shi, har masu sauraro su haddace sunansa. A Motown babu wannan, kuma a kwalin faifai ma sunan mawaƙi da marubuci da mai shiryawa kawai ake sawa.

Rashin rubuta sunaye ya bar baya da ƙura. Bayan shekaru, Carol Kaye, wata fitacciyar mai bes ta Los Angeles, ta ce ita ta kaɗa wasu daga cikin waƙoƙin da ake jingina wa Jamerson, makaɗan Detroit kuma suka musanta. Da an rubuta tun farko, da gardamar ba ta taso ba.

Marvin Gaye ne ya karya wannan al'ada a faifansa What's Going On na 1971, inda aka jera sunayen makaɗa, ciki har da Jamerson. Abokan aikinsa sun ba da labarin cewa a daren naɗar waƙar da ke ɗauke da sunan faifan, daga mashaya aka ɗauko shi, ya kasa zama a kujera, sai ya kwanta rigingine a ƙasa ya kaɗa. Masu koyon bes na nazarin wannan kiɗa har yau, amma labarin na nuna inda barasa ta riga ta kai shi. Amininsa Benny Benjamin ya rasu tun 1969 bayan fama da shaye-shaye, kuma kamfanin ya riga ya fara kiran wani mai bes, Bob Babbitt, domin cike gurbi.

Zamani riga

A 1972 Motown ya kwashe ya koma Los Angeles. Jamerson ya bi shi a shekarar da ta biyo baya. Da farko ya samu aiki, har ya kaɗa a waƙoƙin da suka yi kasuwa irin su Rock the Boat ta 1974. Amma Los Angeles ba Detroit ba ce. Babu tsofaffin abokan da suka san numfashin juna, kuma masu shirya waƙa na rubuta kowane sauti su ce a bi shi yadda yake. Sannan yayi ya sauya. An koma son sabuwar tsirkiya mai kaifin amo, da salon marin tsirkiya da babban yatsa wanda Larry Graham ya yaɗa. Jamerson ya ƙi sauya tsirkiya, ya ƙi sauya salo. Shan barasa ya ƙaru, kiran aiki ya ragu, ya riƙa shiga asibiti yana fita.

A watan Maris na 1983 aka yi bikin cikar Motown shekara 25 a Pasadena, bikin da Michael Jackson ya yi rawarsa ta ja da baya da duniya ta ɗauka. An ruwaito cewa Jamerson sayen tikiti ya yi, ya zauna a benen 'yan kallo yana sauraron wasu na kaɗa abin da ya ƙirƙira. Ya rasu a Los Angeles ranar 2 ga Agusta, 1983, sakamakon ciwon hanta da na zuciya da na huhu. Kwanaki kaɗan kafin rasuwarsa aka sace jitar nan tasa ƙirar 1962, kuma ba a same ta ba. An binne shi a maƙabartar Woodlawn da ke Detroit. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, ɗaya daga cikinsu, James Jamerson ƙarami, shi ma ya zama sanannen mai bes.

Bayan rasuwarsa

Wani makaɗi mai suna Allan Slutsky ne ya tono tarihinsa. A 1989 ya wallafa littafin Standing in the Shadows of Motown, inda ya rubuta kiɗan Jamerson sauti bayan sauti, manyan masu bes na duniya kuma suka kaɗa su a faifan da ke tare da littafin. A 2000 aka sa sunansa a zauren karramawa na Rock and Roll Hall of Fame, cikin rukunin farko na makaɗan bayan fage da aka karrama. A 2002 littafin ya zama fim, a 2004 kuma aka ba Funk Brothers lambar Grammy ta aikin tsawon rayuwa. A 2020 mujallar Rolling Stone ta sa shi a matsayi na ɗaya cikin jerin masu bes 50 da ta ce sun fi kowa.

Tsirkiya mai santsi da soso a gindin jita, waɗanda suka sa aka daina kiransa aiki a Los Angeles, sun dawo yayi. Kamfanin La Bella na sayar da irin kaurin da yake sawa har yanzu, kuma matasan makaɗa na neman ta musamman domin su kusanci amonsa.