Luwis Birel: Yaron Da Basilla Ta Makantar

An haifi Luwis Birel ran 4 ga Janairu, 1809, a ƙauyen Coupvray, gabas da birnin Faris a ƙasar Faransa. Ubansa baduku ne, mai ɗinka sirdi da linzamin dawaki. Yana ɗan shekara 3 ya shiga rumfar uban, ya ɗauki basilla zai huda fata yadda ya ga ana yi. Basillar ta zame, ta soke shi a ido. Ciwon ya kama ɗaya idon kuma, har ya zama yana shekara 5 ba ya gani sam.

Wannan wuri ya taɓa mu ƙwarai, gama mu ma da hutu mukan ja ƙannenmu su taya mu gyaran gida, wannan ya riƙe ƙusa, wancan ya kwaɓa siminti, ba mai tabarau na kare ido ko ɗaya. Luwis ba rashin ji ya yi ba, kwaikwayon babansa yake yi. Basilla, ƙusa da farar ƙasa ba a barinsu inda hannun yaro zai kai. In siminti ya faɗa wa yaro a ido, a yi ta wanke shi da ruwa mai tsabta, a hanzarta zuwa asibiti, kada a ɗiga masa wani haɗe-haɗe na gida.

Iyayen Luwis ba su bar shi ya yi bara ba. Limamin cocinsu ya koyar da shi, a 1819 kuma ya shiga makarantar makafi ta Faris. Can ya tarar da rubutun ɗigo 12 na Charles Barbier, wanda ya yi wa kan yatsa girma. Ya rage shi zuwa ɗigo 6, masu ba da alamomi 63, yana ɗan shekara 15. Ya buga tsarin a 1829. Tsinken da ake huda takardar da shi kuwa kama yake da basilla.

Ya zama malami a makarantar, yana kuma kaɗa ogan a majami'un Faris. Tarin fuka ya kashe shi ran 6 ga Janairu, 1852. Sai a 1854 makarantar ta amince da rubutunsa. Rubutun nan ya iso ƙasarmu, har a makarantar makafi ta Gindiri da mishan suka buɗe a 1953.

A 1952 aka mai da ƙasusuwansa maƙabartar manyan Faransa a Faris, amma aka bar na hannuwansa a Coupvray.