Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da Gidansa na Sifawa

An haifi Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Maratta ta ƙasar Gobir a shekarar 1754. Ya tashi a Ɗagel, ya yi karatu, ya karantar, har ya yi hijira zuwa Gudu a 1804. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808, ya bar Gwandu ya kafa gida a Sifawa, maƙwabciyar Danchadi a ƙasar Boɗinga, kudu da Sakkwato.

Wajen shekara biyar ya yi a wannan gida. Yaƙi ya lafa, amma saɓani ya taso tsakanin malaman jama'arsa kan yadda za a tafiyar da sabuwar daula. Shehu ya duƙufa ga karantarwa da wallafa. A nan ya rubuta Najmul Ikhwan domin kwantar da wannan saɓani. A 1812 ya danƙa yammacin daular ga ƙanensa Abdullahi, gabashinta kuma ga ɗansa Muhammadu Bello.

Ya koma Sakkwato a 1815, Allah ya yi masa rasuwa a 1817. Hubbarensa masu ziyara suka fi sani, alhali a gidan Sifawa aka shata tsarin mulkin da ya ɗore har zuwan Turawa a 1903.