Marie Curie: matar da har yau ake tsoron taɓa littattafanta

Idan an taɓa tura ka daga Taura zuwa Dutse ɗaukar hoton ƙashi, to ka san sunan Marie Curie, don ita ta kai irin wannan na'ura bakin daga a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

An haife ta a Warsaw ta ƙasar Poland a 1867, lokacin da jami'ar garin ba ta ɗaukar mata. Sai da ta yi shekaru tana koyar da 'ya'yan masu kuɗi kafin ta isa Paris karatu a 1891. A 1898 ita da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam. Ta ci kyautar Nobel har sau biyu, a 1903 da 1911.

Sai dai fa a zamanin ba a gane illar tururin da sinadarin ke fitarwa ba, haka take aiki ba kariya. Ɓargonta ya daina samar da jini, ta rasu a 1934. Littattafanta kuwa har yanzu cikin akwatin dalma suke, saboda sai radiyam ya shekara 1,600 ƙarfinsa ke raguwa da rabi.

Ka ga matsalar sharar nukiliya kenan. Tun 1978 Faransa, wadda a baya ta daɗe tana ɗibar yuraniyam ɗin Arlit a Nijar, take gauraya ruwan sharar da narkakken gilashi, a zuba cikin gwangwanin ƙarfe ya daskare. Gubar tana nan, amma da wuya ta tsiyaya cikin ruwan sha.