Tarihin Rayuwar Ge Hong, Masanin Sarrafa Numfashi na Ƙasar Sin

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin hotunan biranen ƙasar Sin da sassafe zai lura da tsofaffi maza da mata a filaye da lambuna, suna ɗaga hannuwa suna saukewa a hankali kamar masu iyo a cikin iska. Wannan motsa jiki da ake haɗawa da sarrafa numfashi da tattara hankali shi ne Sinawa suke kira cigong. Sunan bai bazu ba sai a shekarun 1950, amma aikin kansa tsoho ne ƙwarai, domin a 1973 an tono wani kabari a Mawangdui wanda aka rufe a shekara ta 168 kafin haihuwar Annabi Isa, aka sami ƙyallen siliki mai zanen mutane 44, kowa da irin miƙar da yake yi. A wannan maƙala za a kawo tarihin ɗaya daga cikin malaman addinin Tawo da suka bayyana wannan ilmi a rubuce tun da wuri, watau Ge Hong, tare da duba abin da ya fifita cikin koyarwarsa da abin da ya mayar baya, da yadda zamani ya yi da kowanne.

Haihuwarsa da Neman Ilminsa

An haifi Ge Hong a shekara ta 283 Miladiyya a garin Jurong, kusa da birnin da ake kira Nanjin yanzu. Gidansu gidan sarauta ne a daular Wu ta kudu, to amma shekara uku kafin haihuwarsa daular Jin ta arewa ta ci Wu da yaƙi, manyan kudu suka koma 'yan kallo a harkar mulki. Yana da shekara 13 mahaifinsa ya rasu, gidan ya talauce. Littattafan da kakanninsa suka tara kuwa yaƙe-yaƙe sun riga sun cinye su. A cikin tarihin kansa da ya rubuta ya ba da labarin yadda yake tafiya mai nisa a ƙasa don aron littafi, da yadda yake saro itace ya sayar ya sayi takarda, ya kuma cika ta da rubutu ciki da baya har wani ba ya iya karantawa sai shi. Ya siffanta kansa da mutum mai nauyin baki, maras son ado da wasannin da 'ya'yan manya suke yi. Saboda wannan hali ne mutanen garinsu suka laƙaba masa suna Baopuzi, ma'ana malamin da ya rungumi sauƙin hali, kamar itacen da ba a sassaƙa ba.

Da farko karatun littattafan Kwanfushiyas ya yi, irin wanda ake buƙata don samun aikin hukuma. Daga baya ya kama ƙafa da wani tsoho mai suna Zheng Yin, wanda shi kuma almajirin Ge Xuan ne, ɗan'uwan kakan Ge Hong. Almajiran wannan malami sun haura 50, suna yi masa noma da saran itace, shi kuwa Ge Hong saboda rashin ƙarfin jiki sai aka bar shi da shara da kakkaɓe ƙura. Duk da haka, ta bakinsa, shi kaɗai malamin ya bai wa littattafan asirin haɗa maganin dawwama. A shekara ta 302 Zheng Yin ya hango fitina tana tafe, ya kwashi wasu almajirai ya nufi duwatsu, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Yaƙi da Zaman Kudu

Fitinar kuwa ta zo. A 303 wani ɗan tawaye, Shi Bing, ya auka wa yankinsu, aka naɗa Ge Hong shugaban wata runduna. Ran da aka shiga sansanin 'yan tawaye sauran rundunoni suka shagala da kwasar ganima, shi kuwa ya hana mutanensa taɓa kome. Da abokan gaba suka yi kwanton ɓauna suka dawo, rundunarsa ce ta tsaya ta kare sauran. Aka ba shi muƙamin janar, amma da yaƙi ya ƙare sai ya ajiye makamai ya nufi Luoyang, babban birnin daula, neman littattafan da babu su a kudu. Yaƙin basasar 'ya'yan sarki ya tare hanya, bai kai ba. A 306 abokinsa Ji Han ya sami gwamnan Guangzhou, ya nemi ya zama mai ba shi shawara. Ge Hong ya yi gaba don share fage, sai aka kashe Ji Han tun bai taso ba. Haka ya zauna a can ƙuryar kudu wajen shekara takwas ba aikin hukuma. A wannan yanki ne ya yi karatu wurin Bao Jing, wani hakimi masanin asiran Tawo, ya kuma auri 'yarsa Bao Gu, wadda har yau ake tunawa da ita wajen warkarwa ta hanyar ƙona busasshen ganye a wasu gurabu na jiki. Wajen 314 ya koma Jurong, ya duƙufa kan babban littafinsa mai ɗauke da laƙabinsa, ya kammala shi wajen 317. Littafin kashi biyu ne: babi 50 na waje kan mulki da zaman jama'a, da babi 20 na ciki kan tsawon rai.

Koyarwarsa Kan Numfashi da Tattara Hankali

Tushen wannan ilmi shi ne abin da Sinawa suke kira ci. Kada mai karatu ya ɗauka cin abinci ake nufi, kamar lafazi ce kawai ta haɗa su. Kalmar tana nufin numfashi, tana kuma nufin wani ƙarfi da suka yi imani yana gudana cikin jikin mutum da cikin halitta duka. A ganinsu lafiya tana samuwa idan wannan ƙarfi yana zagayawa ba tangarɗa, cuta kuwa tana shiga idan ya toshe ko ya tsiyaye.

Hanyar da Ge Hong ya fi yabawa ita ce wadda ya kira numfashin ɗan tayi, watau mutum ya kai matsayin da zai zama kamar jaririn da ke ciki, wanda ba ya shaƙa ta hanci ko ta baki. Ya bayyana yadda mai koyo zai fara: ya ja iska ta hanci, ya riƙe ta, yana ƙirga a zuci har 120, sa'an nan ya sake ta kaɗan-kaɗan ta baki. Shiga da fitar iskar su kasance a hankali har kunnensa ba ya ji, abin da ya shiga kuma ya fi abin da ya fita yawa. Ma'aunin da ya bayar shi ne a ɗora gashin dinya a bakin hanci, idan aka saki numfashi gashin bai motsa ba, to an fara iyawa. Daga nan a riƙa ƙara ƙirga har ta kai 1,000. Wannan adadi na ƙarshe, a gaskiya, ya wuce abin da jikin ɗan Adam zai ɗauka, kuma matsa wa kai riƙe numfashi yana iya sa mutum ya suma. Ya kuma raba yini biyu: daga tsakar dare zuwa tsakar rana lokacin rayayyen numfashi ne, a cikinsa ake yin aikin, daga tsakar rana zuwa tsakar dare kuwa mataccen numfashi ne, yin aiki a cikinsa ba shi da amfani. Ya hana mai wannan aiki cika ciki da cin maiƙo, ya kuma hana shi fushi, don fushi yana hargitsa numfashi.

Ta fuskar tattara hankali ya koyar da abin da ake kira tsaron Ɗaya. Mai yi zai natsu ya sawwara wannan Ɗaya a zuciyarsa kamar wani ɗan ƙaramin mutum mai suna da tufafi, wanda yake zaune a ɗaya daga cikin gurabu uku na jiki: ƙasa da cibiya da kimanin yatsu uku, ko ƙarƙashin zuciya, ko can ciki tsakanin girare biyu. Waɗannan gurabu su ne ake kira dantiyan, kuma har yanzu malamin cigong yakan fara da umartar almajiri ya mai da hankalinsa ƙasan cibiya. Shi dai Ge Hong ya ɗauki wannan aiki garkuwa ce daga aljanu da namun daji da makamai, musamman ga mai halwa a duwatsu.

Wani abin lura shi ne bai raba wannan da kyawun hali ba. Ya ƙayyade cewa mai neman dawwama a doron ƙasa sai ya tara ayyukan alheri 300, mai neman hawa sama kuwa 1,200, kuma idan ya yi mugun aiki ɗaya kafin ya cika, lissafi ya rushe sai ya sake daga farko. Game da zaman yau da kullum shawararsa ta tsakaitawa ce: kada a daɗe a zaune ko a kwance, a ci abinci kafin yunwa ta yi tsanani amma kada a ƙoshi ƙwarai, a sa tufafi kafin sanyi ya kama jiki. Ya soki waɗanda suka san hanya ɗaya tak, kamar miƙa jiki ko shan saiwoyi, suke cewa ita kaɗai ta isa. Ya kuma tona asirin 'yan damfara, irin wani Gu Qiang da yake da'awar ya shekara 4,000 har ya ga Kwanfushiyas da idonsa.

Maganin Dawwama

To, a nan ne gizo yake saƙa. Duk wannan bayani da ya yi, Ge Hong bai ɗauki numfashi da miƙa jiki a bakin ƙololuwar ilmi ba. A ganinsa suna kore cuta su ƙara kwana, amma ba sa hana mutuwa. Abin da zai hana ta shi ne haɗin da ake dafawa daga zinariya da wani jan ma'adini da ake fitar da zaiba daga cikinsa. Hujjarsa ita ce ganye da saiwa suna ruɓewa, in an ƙona su su zama toka, alhali zinariya ba ta tsatsa ko an binne ta, jan ma'adinin kuma idan an ƙona shi yakan zama zaiba, a sake sarrafa shi ya koma yadda yake. Saboda haka ya ɗauka wanda ya sha su jikinsa zai ari wannan ɗorewa.

Hujjar tana da daɗin ji, amma zaiba guba ce. A 365 Sarki Ai na daular Jin ya mutu yana saurayi sanadin shan irin waɗannan haɗe-haɗe, haka kuma sarakunan daular Tang irin su Muzong a 824 da Wuzong a 846. Sannu a hankali malaman Tawo na baya suka karkata ga fassara tukunya da wuta da ma'adinai a kan jikin mutum da numfashinsa, aikin ya koma na zama da natsuwa. Shi kansa Ge Hong ya yi kukan cewa ya riƙe asirin fiye da shekara 20 amma talauci ya hana shi sayen kayan haɗi. A nawa ganin wannan talauci ya yi masa rana.

Ɗan Littafin Hannun Riga

Bayan ya tattara wani babban kundin magunguna mai juzu'i 100, sai ya lura talaka ba zai iya mallakarsa ba, magungunan da likitoci suke rubutawa kuma masu tsada ne. Don haka ya tsamo wani ɗan littafi na taimakon gaggawa wanda za a iya sawa a hannun riga, ya cika shi da magungunan da ake samu a bakin hanya da bayan gida. A ciki ya siffanta wata annoba mai ƙuraje da masana suke ɗauka agana ce, ya kuma yi maganar cizon mahaukacin kare. Ga masu zazzaɓi mai zuwa yana komawa, ya ce a jiƙa danƙi ɗaya na wani ganye, dangin tazargade, a cikin ruwa, a matse a shanye.

Bayan shekaru fiye da 1,600, wata masaniyar magunguna, Tu Youyou, tana cikin aikin neman maganin zazzaɓin cizon sauro da gwamnatin Sin ta fara a 1967, ta karanta wannan wuri. Ta lura bai ce a tafasa ba, sai ta gane zafi ne yake lalata sinadarin. A 1971 ta tatso shi ba tare da zafi mai yawa ba, ya yi aiki. Daga nan aka sami atimisinin, wanda shi ne ginshiƙin magungunan zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocinmu, ita kuma ta sami lambar Nobel a 2015.

Ƙarshen Rayuwarsa

Bayan an kafa daular Jin ta Gabas a 317 an tuna da hidimarsa ta yaƙi, aka ba shi sarautar girmamawa da harajin gidaje 200, ya kuma riƙe 'yan muƙamai a ƙarƙashin waziri Wang Dao. Amma zuciyarsa tana kan tukunyarsa. Da girma ya fara kama shi sai ya ji labarin ana samun jan ma'adinin nan a can kudu, wajen iyakar Biyetnam ta yanzu, ya roƙi a tura shi hakimcin wata ƙaramar gunduma mai suna Goulou. Sarki ya ga muƙamin ya yi masa kaɗan, Ge Hong ya bayyana cewa ma'adinin yake bi, aka yarje masa. Da ya isa Guangzhou sai gwamna Deng Yue ya tsare shi ya hana shi wucewa, don haka ya hau dutsen Luofu ya zauna yana rubutu yana gwaje-gwajensa.

Littafin tarihin daular Jin ya kawo cewa wata rana ya aika wa Deng Yue takarda cewa zai yi tafiya mai nisa neman malami, kuma ya kusa tashi. Gwamna ya gaggauto don su yi sallama, amma kafin ya iso Ge Hong ya cika yana zaune da tsakar rana, kamar mai barci. Aka ce da aka ɗaga gawar za a sa a akwati sai aka ji ta sakayau kamar tufafi kawai, mabiyansa suka ɗauka ya saɓule jiki ne ya shiga sahun marasa mutuwa. Wannan littafi ya ba shi shekara 81, wanda zai kai rasuwarsa 363, amma yawancin masu bincike na yanzu sun fi karkata ga 343, yana da shekara 60. A gindin dutsen Luofu akwai wurin ibadar Chongxu, inda ake nuna wa baƙi murhun da aka ce a kansa yake dafa haɗinsa, da tafkin da yake wanke saiwoyi.