Alhaji Umaru Salaga: Ɗan Kanon da Fatauci Ya Yi wa Alƙalami

Ban taɓa jin sunan Alhaji Umaru Salaga a ajinmu ba, sai da na shiga jami'a. Ba laifin malamanmu ba ne, manhaja ce ba ta kawo shi ba. Ga shi kuwa ɗan Kano ne, kuma yana cikin manyan marubutan Hausa na farko.

An haife shi a birnin Kano wajen shekarar 1858, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Kano a lokacin gari ne na masaƙa da marina da dukawa da maƙera. Baturen Jamus ɗin nan, Barth, da ya zo a 1851, ya tarar da tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kada mu manta, audugar da baban rinin da aka yi wannan arziki da su, daga gonakin ƙauyuka irin namu suka fito. Matan karkara ke kaɗi, masaƙa irin na Minjibir su saƙa, Kasuwar Kurmi ta sayar. Da kuɗin nan attajirai suka sayi takarda da littattafai, suka ciyar da malamai da almajirai.

Mahaifin Umaru, Malam Abubakar, malami ne kuma falke mai zuwa Gwanja sayen goro. Yaron ya sauke Alƙur'ani a Kano, ya ci gaba da neman ilmi a ƙasar Sakkwato, yana kuma bin ayari. Abin da ya fi burge ni, a matsayina na wanda kullum ke fama da fayil da wasiƙun ofis, shi ne littafin da ya rubuta da Larabci a 1877, bai kai shekara 20 ba, kan yadda ake tsara wasiƙa. Falke mai abokin ciniki a nisan tafiyar wata uku ba ya rabuwa da wasiƙa, don haka kasuwa ce ta nemi wannan littafi.

A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro da ya zauna a cikinta. Daga baya ya koma Kete Karachi, a ƙasar Gana ta yau, ya zama limamin garin. A can ya yi yawancin waƙoƙinsa na Larabci da na ajami, ciki har da ta zuwan Nasara da ta talauci da wadata. A ganina ta biyun ta fi daɗi, domin ido ne na wanda ya zauna a zango ya ga yadda ake karɓar mai kuɗi da yadda ake kau da kai ga matalauci.

Wani jami'in Jamus, Adam Mischlich, ya yi karatun Hausa a wurinsa, shi kuma ya rubuta masa bayanai masu yawa kan tarihi da sana'o'in ƙasar Hausa. Da su masana ke gane yadda Kano take kafin 1903.

Ya rasu a Kete Karachi a 1934. Tsohon garin kuwa ruwan tafkin Volta ya shanye shi bayan an gina madatsar Akosombo.